Kafin Ka Kira Birkila: Abin Yi da Abin Bari

Hausawa na cewa tun ran gini ran zane. Zanen da suke nufi shi ne adon da ake yi wa tukunya ko bango tun laka tana ɗanya. Wanda zan yi magana a kansa ya riga ranar ginin ma, kuma shi mutanenmu suka fi rainawa.

Da kaka ta yi, aka sayar da masara da waken suya, manoman raken Rogo suka fara jin ɗumi a aljihu, sai ka ga tipa tana juye yashi a ƙofar gidaje, daga Karaye zuwa Yammedi, daga Zarewa zuwa Fulatan. Wannan zai ƙara ɗaki don ɗansa zai yi aure, wancan zai ta da katanga, wani banɗaki, wani shago a jikin zaure. Tambayi duk wanda ka ga dama a cikinsu ina takardar aikin, zai taɓa goshinsa ya ce maka tana nan. To, ba ta nan. Attajirin birni yana da mai zana masa gida, yana da injiniya, in an yi kuskure yana da kuɗin rushewa. Kai da kake gini ɗaki ɗaya bana, ɗaya baɗi, da kuɗin amfanin gona da na adashi, kai ka fi shi bukatar takarda, domin kuskurenka zama za ka yi a cikinsa har ka bar wa 'ya'ya. Ga sharuɗɗan nan, ban sassauta ko ɗaya ba.

Kada ka ce mini kakanninmu ba su yi zane ba. Sun yi. Magini na da, kafin a kwaɓa ƙasa, sai ya shiga fili da maigida, ya ja layi a ƙasa da ƙafarsa: nan zaure, nan shigifa, nan turaka, nan ɗakunan mata, can rumbu. A tsaya a yi gardama, a share da tafin ƙafa, a sake ja. Bayan wannan kuma yana ɗauke da ilmin da ya gada, ya san azara ita kaɗai ba ta ƙetare abin da ya wuce kamar ƙafa shida, saboda haka tun kafin a aza tubali ɗaya ya san inda ginshiƙi zai tsaya da inda za a ɗaura baka. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, ba da ka ya yi shi ba. Ga bakan gizonsa nan har yau a cikin sabon ginin da aka lulluɓe shi da shi. Mu ne muka saki ilmin magina, ba mu kama na injiniyoyi ba, muka tsaya a tsakiya da buhun siminti a ka.

Ka zana gidan gaba ɗayansa, ko da akurkin kaji kaɗai za ka gina bana. Wannan shi ne babba, sauran duk 'ya'yansa ne. Ka sa abin da yake nan, ka sa abin da kake fata nan da shekara goma: ɗakin yara maza in sun tasa, ɗakin amarya in kana da wannan niyya a ɓoye, turken dabbobi, wurin shanya, inda babur zai kwana. Gidajenmu da yawa sun shaƙe ne domin kowane ɗaki an dasa shi a inda ya fi sauƙi a ranar, har tsakar gida ta koma lungu, ranar suna a rasa inda mata za su shimfiɗa tabarma.

Ka sayi littafin lissafi irin na 'yan firamare, mai gida-gida, da fensir da abin gogewa. Gida ɗaya ya zama ƙafa ɗaya in ɗaki kake zanawa. In fuloti ne gaba ɗaya, irin ƙafa 50 da 100, gida ɗaya ya zama ƙafa biyu ko uku. Ka rubuta wannan a saman shafi. Ka sa alamar gabas. Ba a bukatar iya zane, layi ne miƙaƙƙe da lamba. In hannunka bai saba da fensir ba, ɗanka na sakandare ya riƙe, kai ka faɗa.

Kada ka yi da biro. Wanda ya zana da biro ya riga ya yanke wa kansa hukunci ba zai sake tunani ba.

Kada ka auna da taki. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Kima ta isa a cinikin gero, ba ta isa a gini ba. Takinka ba na birkila ba ne, kamun hannunka ba na kafinta ba ne. Tef ka saya, ko ka ara. Kuma ka tsaya a kan ma'auni guda: in ƙafa da inci ne, su ke nan har ƙarshe. Tef ɗin yana da fuska biyu, kuma na ga ƙofar ƙarfe da aka auna raminta da inci, mai walda ya karanta ɗaya gefen. Ta yi shekara a jingine a zaure.

Ka fara zana hanyar ruwa kafin ka zana ɗaki. A nan zan daɗe, domin ruwa ne ke cin gidajenmu, ba tsufa ba. Lissafin mai sauƙi ne: duk milimita ɗaya ta ruwan sama da ta sauka a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ce. Rufin ɗaki mai ƙafa 12 da 12, in ka haɗa da abin da kwano ya zarce bango, ya haura murabba'in mita 20. Ruwan dare ɗaya na watan Agusta mai milimita 50 zai zubo maka sama da lita 1,000 daga wannan rufi kaɗai, sama da jarka 40 ke nan irin ta 'yan garuwa. Ka ninka da yawan ɗakunan gidan. Ina za su? In ba ka amsa wannan a takarda ba, ruwan zai amsa da kansa, kuma amsarsa kullum gindin bango ce. Ka ja kibiya daga kowane rufi da kowane indararo zuwa tsakar gida, daga tsakar gida zuwa rariya, daga rariya zuwa kwatar waje. In kibiyar ta ci karo da ɗakin da kake shirin ginawa, ɗakin ne zai matsa.

Kada ka yarda da idonka a kan inda gangare yake. Ka samo siririn tiyo mai haske, ka cika shi da ruwa, mutum biyu su riƙe bakinsa a jikin turaku biyu. Inda ruwan ya tsaya a nan da can, tsayinsu ɗaya. Daga wannan alama ka auna zuwa ƙasa, za ka ga wane gefe ne ya fi zurfi. Mafi kyau duka, ka fita cikin ruwan Agusta da lema ka tsaya a filin ka ga inda ruwa yake bi da inda yake kwanciya, ka kafa turaku. Wanda zai yi gini a watan Disamba, aikinsa ya fara tun damina.

Ka ɗaga daɓen ɗaki sama da tsakar gida, tsakar gida kuma sama da titi. Titi tashi yake yi: yau a zuba birji, gobe a yi kwalta da kwata. Duba tsofaffin gidajen cikin garin Karaye da ake gangarawa kafin a shiga zaurensu. Ba haka aka gina su ba.

Ka haƙa rami na gwaji, zurfin ƙugu ko ƙirji, a inda harsashi zai zauna. Jar ƙasa mai birji ka gode wa Allah. Baƙar laka mai tsagewa da rani, irin ta bakin fadamun rake, tana kumbura da damina ta tsuke da rani, bango kuma ba ya iya wannan rawa. Wanda filinsa ke gangaren da ke kallon Dam ɗin Challawa, wanda aka gama a 1992, ko kusa da na Kusalla, ya duba ramin nan a ƙarshen damina ya ga ko ruwa ya tsatso. In kuwa ka fara tono ledoji da fasassun kwalabe, tsohon kududdufi ne aka cike da shara. Kada ka aza komai mai nauyi a kansa, ko an rantse maka ya daɗe da zama.

Kada ka haƙa shadda kusa da rijiya. Ma'aikatan lafiya suna neman tazarar mita 30, kusan ƙafa 100, kuma shaddar ta kasance ta gangare, rijiya ta tudu, gindin ramin kuma kada ya kai ga ruwan ƙasa. Na san fuloti da yawa ba su da wannan faɗin. To, ka ba da iyakar abin da filin zai iya, kusurwa da kusurwa, kuma ka sa rijiyar maƙwabci da shaddarsa a cikin zanenka, don ruwan ƙarƙashin ƙasa bai san katanga ba. A 2021 amai da gudawa ya kwantar da mutum sama da dubu ɗari a Najeriya, sama da dubu uku suka rasu, Kano na cikin jihohin da abin ya fi yi wa ɓarna. Ka kira duba-gari ya duba maka kafin haƙa. Ya fi ya zo bayan an gama.

Ka lura da alƙibla wajen aza bakin masai. Daga nan yankinmu gabas take, ta ɗan karkata arewa. Malamai sun yi rangwame a cikin gini, amma tunda juyawa a takarda ba ya cin ko kwabo, ka fuskantar da shi kudu ko arewa ka huta da surutu.

Kada ka zana abin da zai cuci maƙwabci, ko da a cikin filinka ne. Ba ra'ayina ba ne. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya wuce ta wurin da aka hana buɗe tagar da za ta leƙa gidan maƙwabci, da buɗe ƙofa daidai da tasa, da haƙa ramin da zai cutar da shi. Littafin ya haura shekara dubu, amma kamar a unguwarmu aka rubuta shi. Ka ƙara da indararon da ke zuba a gidan wani, da murhun da hayaƙinsa zai shiga ɗakinsa, da turken awaki a jikin bangonsa na ƙasa. In ka gama zane, ka ɗauka ka je ka yi masa sallama, ka ce, Malam, ga abin da nake nufin yi, ko akwai inda zai taɓa ka? Mutum ba ya faɗa da abin da aka shawarce shi a kai.

Kada ka ja igiyar iyaka kai kaɗai. A kira mai unguwa, a kira maƙwabta na kowane gefe, a kafa turaku suna kallo, a rubuta, a sa hannu. Kuma kada ka saci taki ɗaya daga hanya wai ba wanda zai lura. Motar da za ta ɗauki matarka zuwa asibiti cikin dare ta nan za ta bi.

Kada ka aza bulo ko ɗaya a gidan gadon da ba a raba ba. Ko yayanka ya ce ba komai. Yayanka ba shi kaɗai ne magaji ba, kuma ba zai dawwama ba. Ranar da aka zo rabo, ɗakinka na iya faɗawa kason wata ƙanwa da ke aure a Gwarzo, mijinta kuma bai san da wani ba komai ba.

Ka leƙa sakatariyar ƙaramar hukuma kafin ka fara abin da ya fuskanci titi, musamman shago. Dokar filaye ta 1978 ta sa filayen da ba na birni ba a hannun ƙananan hukumomi, na birni a hannun gwamna, kuma Karaye da Rogo girma suke yi. Tambaya ɗaya ce: akwai hanya ko kwata da aka tsara za ta bi ta nan? Ka ɗaga kai kuma ka duba sama. In wayar wutar KEDCO ta ratsa ta kan filin, kada ka gina a ƙarƙashinta, kada ka bari a ɗaga rodi ko kwano a kusa da ita.

Kada ka zana bango da layi ɗaya kamar ba shi da kauri. Nan sababbin masu zane suke faɗuwa. Bulo mai inci 9 ne ko mai inci 6, kuma yana cin wuri. Ɗaki biyu jere, kowanne ƙafa 12 a ciki, da bango uku na inci 9, ba ƙafa 24 ba ne, 26 ne da inci 3, ban da filasta. Wanda ya ware ƙafa 24 zai wayi gari da ɗakunan da ba su kai 11 ba, yana zargin birkila da cin amana. Ka rubuta a fili ko lambar ta ciki ce ko ta waje.

Ka yanka takarda daidai girman kayan da za su shiga, a kan ma'aunin zanen, ka jera su a ciki. Gado mai ƙafa 6 da 6, wadrob mai zurfin ƙafa 2, madubi, kujera. Gwada su a ɗaki mai ƙafa 10 da 10 ka gani: gado ya ci shida, wadrob ya ci biyu, saura biyu, ƙofa ba ta buɗuwa, wurin salla babu. Kayan ɗakin amaren yanzu ba irin na iyayenmu ba ne, kuma 'yan jere ba su da tausayi. In bai shiga ba, a gabanka za su faɗa.

Kada ka zana kicin ba tare da mai girki ba. Kai ba ka san inda hayaƙi ke bi da yamma ba, ba ka san sau nawa ake zirga-zirga tsakanin randa da murhu ba, ba ka taɓa tsugunawa wanke-wanke a inda ruwa ba ya wucewa ba. Ke kuma uwargida, in an kawo miki takarda, kada ki ce duk yadda kuka yi daidai ne. Ke za ki yini a wurin.

Kada ƙofar ɗaki ta gaza ƙafa 3. Ta zaure kuwa ka auna ta da abu uku: babur da kaya a bayansa, baro ɗauke da buhun masara, da makara a kafaɗar mutum huɗu. Na ukun ba wanda ke son a ambata, amma na halarci jana'izar da sai da aka karkata mamaci kafin ya fita daga gidan da ya gina da hannunsa.

Ka ba ɗaki taga ta gaskiya, biyu in da hali, a bango daban-daban don iska ta ratsa. Abin da masu zane ke bi shi ne faɗin taga ya kai kashi ɗaya cikin goma na faɗin daɓe. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12 taga mai ƙafa 4 da 4 ta ishe shi. Kudu da arewa sun fi. Bangon yamma shi ke shan ranar la'asar ya riƙe zafi har tsakar dare, sai ka kare shi da rumfa ko bishiya, ko ka sa ɗakin ajiya a wannan gefe. Kada tsoron sanyin hunturu na wata biyu ya sa ka toshe ɗaki, ka manta da Maris da Afrilu, lokacin da ake kwana a tsakar gida ana tsoron sanƙarau. Kuma ka zana wa janareto wurinsa a waje, nesa da taga. Hayaƙinsa yana kashe mutane cikin barci.

Ka tuna hadarinmu daga gabas yake tasowa. Bangon gabas shi ke shan duka, shi ya sa magina ke fara yaɓe da shi. Kwano ya zarce bango da kamar ƙafa biyu, kuma a ɗaure katakon rufi da langalanga ko rodi da aka binne a cikin linta ko a ƙarƙashin layin bulo biyu uku. Wannan tun a takarda ake sa shi, domin in an gama bango an manta, sai dai a jera duwatsu da tsofaffin tayoyi a kan kwano, iskar farkon damina kuma ba ta jin kunyar dutse. Katako a shafe shi da maganin gara ko baƙin mai tun yana ƙasa.

Kada ka shafa siminti a kan bangon ƙasa ka ce ka yi gyara. Ba sa riƙe juna. Ruwa zai shiga ta tsaga ya zauna a bayan filasta, ƙasar ta jiƙe ba ta samun bushewa, wata rana ɓawon ya zubo da rabin bangon. Ginin ƙasa yaɓe yake so duk shekara, da makuba in ana samu, da rufi mai kare shi, da dakali a gindinsa. Ba abin kunya ba ne, ya ma fi bulo sanyi. Amma ka yanke shawara tun farko wane za ka yi.

Ka zana aikin a kan girman kayan da ake sayarwa. Bulo tsawonsa inci 18. Rodi mita 12 yake zuwa. Falankin filawud ƙafa 4 da 8. Bandir ɗin kwano falle 20. Ka tambayi tsawon katakon da ke kasuwa kafin ka tsayar da faɗin rumfa, kada ka zana abin da zai sa a yi ta haɗi ana zubar da guntaye. Guntun katako kuɗinsa ka biya.

Ka ƙirga da kanka, kada ka ce wa birkila nawa zai ci. Kowane murabba'in mita na bango bulo 10 ne. Ɗakin nan mai ƙafa 12 da 12, kewayensa ya ɗan haura mita 15, tsayi mita 3, ya ba ka bulo wajen 450. Cire na ƙofa da taga, kamar 30. Ƙara layi uku na harsashi, kamar 100. Ka tashi da ɗari biyar da 'yan kai. In wani ya ce maka 800, ka tambaye shi ina sauran za su. In ya ce 350, ka san zai dawo. Kankare na linta da ginshiƙi, buhun siminti ɗaya, kwanon gini huɗu na yashi, takwas na tsakuwa. A kan duk abin da ka lissafa ka ƙara kashi goma cikin ɗari na fashewa da ɓarna. Ka sa kuɗin ruwa, don 'yan garuwa ba sadaka suke yi ba. Ka sa abincin ma'aikata. Ka sa kuɗin mota: rodin da ya yi araha a Ƙofar Ruwa da katakon da ya yi araha a Na'ibawa, kafin su iso Rogo sun daina araha.

Ka rubuta kwanan wata a gefen kowane farashi. Buhun simintin da ake saye wajen naira dubu biyar a 2023, a farkon 2024 ya haura dubu goma a wurare da dama. Lissafin wata uku da suka wuce labari ne.

Kada ka fara abin da kuɗinka ba zai kai shi rufi ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ɗaki ɗaya rufaffe ya fi uku da suka tsaya a linta suna shan damina, akuyoyi suna kwana a ciki. Ka ja layi a zanen: wannan na bana, wannan sai Allah ya hore.

Kada ka sayi siminti ka jibge wai kana tari. Yana shan raɓa ya daskare, wata uku ma ya yi yawa. In tari za ka yi, ka tara rodi da kwano da bulo. Bulon kuma ka ɗaga ɗaya zuwa ƙirji ka sake shi. In ya watse kamar gurasa, bar wa mai shi kayansa. Araha ba ta ado.

Ka sa lokaci a takardar. Kankare yana son ban ruwa safe da yamma har kwana bakwai, ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai kwana 28. Ginin ƙasa kowane layi sai ya bushe kafin a ɗora wani. Ka ƙirgo baya daga watan Mayu, kafin damina ta kankama. Wanda ya sa ranar ɗaurin aure sannan ya fara haƙa harsashi, shi ake cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Amarya za ta tare a ɗaki mai ɗanyen filasta, bango yana gumi, kayanta suna funfuna.

Ka sauke zanen a ƙasa kafin diga ta taɓa ta. Turaku, igiya, toka. Kusurwa kuwa ga yadda ake tsayar da ita: auna ƙafa 3 a igiya ɗaya, ƙafa 4 a ɗayar, tsakanin alamun biyu ya zama 5 cif. Sannan ka ja tef daga kusurwa zuwa wadda ke kallonta a gicciye, ka sake ja ta ɗaya gicciyen. Dole su zo ɗaya. A ɗaki mai ƙafa 12 da 12, kowanne ya kusa 17. In sun saɓa, ɗakin ya karkace, kuma ba za ka gane ba sai ranar da mai tayil da mai silin suka fara yanke-yanke suna ƙara kuɗi. Bayan ka ja tokar, ka bar ta kwana biyu uku. Ku shiga ta ƙofa, ku fita ta ƙofa, a ɗauko ruwa a bi hanyar, a tura baro. Duk inda aka ga mutane suna tsallake layi, akwai magana a wurin.

Kada ka wuce iyakarka. Katanga, rumfa, akurki, rumbu, dakali, ɗaki na ƙasa ɗaya, waɗannan kai da birkila nagari kun isa. Bene, dekin, rushe bango don haɗe ɗaki biyu, ɗora wani hawa a kan harsashin da ba don shi aka yi ba, waɗannan na injiniya ne, ka biya shi. A ƙarshen Agustan 2022 bene mai hawa uku da ake kan ginawa ya rufto a kan 'yan kasuwar waya a titin Beirut cikin Kano, a tsakiyar birni ke nan, inda masana suke. Ko tankin ruwa kada ka raina: mai lita 1,000 in ya cika tan guda ne, buhun siminti 20, kana shirin ɗora shi a kan bulo mai inci 6 a saman inda yara ke wasa. Wayarin kuma ka nuna wa mai aikin inda kake son fitila da soket, ka janye hannunka.

Kada ka yi jinga da baki. A rubuta a bayan zanen: aiki daga ina zuwa ina, nawa, kafin alƙalami nawa, ciko yaushe, wa zai kawo ruwa. Shaida biyu. Ka ba birkila kwafi, ka saurari gyaransa kafin a fara, domin ya ga abin da ba ka gani ba. Amma da an fara, kada ka zo da rana tsaka ka ce a matsar da taga don wani aboki ya ba ka shawara a majalisa. In dole ne, a tsaya, a gyara a takarda, a faɗi kuɗin canjin, sannan a ci gaba.

Kada ka jefar da takardar in an gama. Ka ɗauko ta ka ƙara abin da ƙasa da filasta suka rufe: inda bututun ruwa ya bi, inda waya ta ratsa bango, zurfin harsashi, ranar da aka yi. Ka ɗauki hotonta a waya, ita kuma ka sa ta a leda cikin akwatin da takardun fili suke. Musamman ka sa alama babba a inda tsohuwar shadda take in an cike ta an buɗe sabuwa. Nan da shekara goma sha biyar wurin zai yi lumui kamar ba a taɓa haƙa shi ba, ɗanka zai zo neman inda zai yi wa amaryarsa ɗaki, kuma wannan kusurwar ce zai ga babu komai a kanta.